Daga Ƙullin Igiya Zuwa Ɗigon Takarda

Ina ɗan shekara takwas aka ɗora mini jagorancin Baffa. Yayan mahaifina ne. Agana ta tafi da idanunsa tun bai isa riƙe fartanya ba, ta bar masa zanzana a fuska. Gidanmu yana cikin ƙauyukan da ke kewaye da Ɗambatta, inda ba za ka sami taku ɗaya na ƙasa da ba ta da mai ita ba. Gona na jingine da gona, gida na hango gida, iyaka kuwa gamba ce ko lalle ko wata tsohuwar ɗorawa da kowa ya san kakan wa ya bar ta. Aikina shi ne in riƙe bakin sanda, shi ya riƙe gindinta, mu bi burtali zuwa masallacin Juma'a ko kasuwa.

Ban daɗe ba na gane cewa sunan ɗan jagora kawai nake amsawa, hanya shi ya san abarsa. Tafin ƙafarsa ya san inda rairayi ya ƙare aka hau tsandauri. Kunnensa ya san gidan da muka zo wucewa ta amon turminsu. Wata rana da rani na shagala da kallon jakuna suna kai taki gona, na kauce ban sani ba, sai ya ja sandar ya tsaya cik.

"Yaro, mun bar hanya. Gawon ƙofar gidan liman ya kamata ya zama a damarmu, ban kuwa ji inuwarsa ba."

Yau na tsufa, na ajiye alli bayan shekaru masu yawa ina koyarwa a firamare, kuma Allah Ya yi ni uban makauniya. Tsakanin Baffa da 'yata na ga hanyoyin da marasa gani a karkararmu suka bi suka kai ga karatu, na ga abin da kowace hanya ta ba su da abin da ta gaza ba su. Tarihin nan nake so in ajiye, don masu shi ba su cika samun mai rubuta musu ba.

Hanya ta farko, wadda ta fi kowace daɗewa, ita ce kunne. Kakanmu bai yarda a bar Baffa a ɗaki ba. Ya ɗauke shi ya kai wa alaramman garin, ya ce a yi masa abin da ake yi wa sauran yara. Sauran yara suna da allo, su rubuta, su biya, su wanke. Shi allonsa ƙirjinsa ne. Da asuba da kuma dare a bakin wuta, yakan zauna kusa da wani gardi, gardin ya biya masa aya, ya maimaita har ta zauna, sannan a ƙara masa wata. Ko babbaƙu ba a ƙetare masa ba. Malaman allo sun daɗe da raɗa wa haruffa sunayen da ke nuna siffarsu, irin su ambaki, da ta kuri, da an likkafa. Baffa ya ce mini alaramma yakan kama tafin hannunsa ya zana masa harafin da yatsa, da aka zo kan an likkafa kuwa sai ya aika aka aro likkafar dokin dagaci aka danƙa masa ya shafa. Ya san siffar kowane harafi, ya san inda ake ja da inda ake tsayawa, ya haɗa izu sittin a ka tun kafin ya yi aure.

Duk wanda ya tausaya masa a kan rashin ido, Baffa yana da mutanen da yake kawo masa. Na farko Abdullahi ɗan Ummi Maktum, makahon sahabi, ladanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wanda saboda shi aka saukar da farkon Suratu Abasa. Na biyu Imam Shaɗibi, mutumin Andalus da ya rasu a Masar a 1194, makaho ne, amma baitocinsa 1,173 a kan ƙira'o'i bakwai har gobe su ne abin da mai neman gwaninta a karatun Alƙur'ani yake haddacewa. Na uku na kusa da mu ne, Malam Aliyu Namangi na Zariya, mai waƙoƙin Imfiraji, wanda ya makance tun yana ƙarami, ya tsara baitocinsa a ka, ya rera, waɗansu suka rubuta. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa, ya rasu a 1990. A ƙuruciyata da wuya ka je kasuwar ƙauye ba ka ji makaho da ɗan jagoransa suna rera Imfiraji ba, ɗaya na bayarwa ɗaya na amsawa. Littafin yana shagon masu littattafai, amma a bakin makafi waƙar ta zaga ƙasar Hausa.

Makafin ƙasar Kano ba a warwatse suke ba, suna da tsari tun da daɗewa. Baturen nan Hugh Clapperton da ya sauka birnin Kano a farkon 1824, zamanin Sarki Ibrahim Dabo, ya rubuta cewa ya tarar da unguwa guda a cikin ganuwa ta makafi zalla, mai tsabta da ɗakuna ginannu da kyau, mazaunanta suna samun wani kaso daga hukuma, suna kuma fita bara kasuwa. Har yau akwai Sarkin Makafi a Kano, a wajen Dala, kuma garuruwan hakimai ma suna da nasu. Shi ke raba gardama tsakaninsu, shi ke sauke baƙon makaho, ta bakinsa saƙon sarki ke isa gare su. A nan ƙaramin makaho yake koyon abin da mai ido ba zai iya koya masa ba: yadda ake buga sanda a saurari amsar bango, yadda ake gane mutum da takunsa, yadda ake bambance kuɗi. Baffa yakan gane kwabo da hudarsa, ya gane sule da taro da nauyinsu da bakinsu. Da naira ta zo a 1973 ya koma ninke takardun kuɗi, kowace iri da irin nata ninkin.

Bara ba ita kaɗai ce sana'arsu ba. Tufkar igiya ta makafi ce tun tale-tale, kuma a ƙasa irin tamu da kowane gida yake da akuya a turke da guga a rijiya, igiya ba ta kwantai. Da kaka mukan yanko rama mu jiƙa, mu ɓare, Baffa ya zauna a zaure ya maƙale bakin zaren a babban yatsan ƙafarsa yana tufka yana tilawa. A nan na ga rubutunsa na farko. Akwai wata siririyar igiya da yake ratayewa a ƙusa bayan ƙofa. Duk wanda ya karɓi igiya bashi, sai ya yi masa ƙulli: babban ƙulli sule, ƙarami sisi, tsakanin mutum da mutum kuma ya saƙala ɗan tsumma ko kara ko ƙwallon dabino, gwargwadon abin da zai tuna masa da mai bashin. Ranar kasuwar Ɗambatta zai sauko da ita ya bi ta da yatsu, ya ce wane sule biyu, wane sule da sisi. Ban taɓa ganin an ƙaryata igiyar nan ba.

Sai dai ƙulli yana riƙe lissafi ne, ba ya riƙe magana. Ranar da na fahimci haka ba ta fita raina ba. Babban ɗan Baffa ya tafi cin rani kudu ya daɗe bai dawo ba. Wata rana wani direba ya kawo wasiƙa da ajami. Baffa ya juya takardar a hannunsa ya sake juyawa, ya shinshina ta, sannan ya ce in ja ƙyauren zaure. Bai so ya kai wa liman ba, bai so ya kai wa mahaifina ba. Ni da ban wuce shekara goma ba, ni na karanta masa, ina haɗa baƙi da ƙyar. Maganar bashi ce da ta aure da ta neman gafara, irin wadda bai kamata yaro ya ji ba. Da na gama ya yi shiru mai tsawo.

"Abin da ka karanta ka bar shi a zauren nan," in ji shi. "Makaho yana da komai, sirri ne ba shi da shi."

Mutumin da ya haddace Alƙur'ani, wanda gardawa ke zuwa ya gyara musu karatu, ba shi da ikon karɓar magana daga ɗansa sai ta bakin wani, ba shi da ikon mayar da amsa sai ta hannun wani. Iyakar kunne ke nan. Yana zuba ilimi a ƙirji, amma duk abin da ya shiga ta nan sai da wani ya faɗa, wani kuma ya ji.

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, a shekarar da Clapperton yake zaga unguwar makafin Kano, a wata makarantar makafi a birnin Faris na Faransa wani yaro ɗan shekara 15 ya riga ya samo maganin abin da ya dami Baffa. Sunansa Louis Braille, an haife shi a 1809. Mahaifinsa baduku ne mai ɗinkin sirdi da linzami. Yana ɗan shekara uku ya ɗauki abin huda fata yana wasa, ya soke idonsa, ciwon ya kama ɗayan, duka biyu suka tafi. A makarantarsu ana koya musu karatu da manyan haruffan boko da aka tayar a kan takarda, masu wuyar shafawa, waɗanda kuma yaro ba zai iya rubuta su da kansa ba. Wani tsohon soja, Charles Barbier, ya kawo musu tsarin ɗige-ɗige goma sha biyu. Yaron ya lura cewa sun fi ƙarfin kan yatsa, sai ya rage su zuwa shida, uku a tsaye ta hagu uku a tsaye ta dama, daidai abin da tsokar yatsa ke rufewa a taɓawa ɗaya. Daga ɗigo shidan nan ake fitar da siffofi 63, sun ishi haruffa da lambobi da alamomin tsayawa. Ya buga tsarin a 1829, ya rasu a 1852, sai bayan shekara biyu da rasuwarsa hukuma a ƙasarsa ta amince da shi. Shi ne rubutun da muke kira birel.

Kafin ya iso mu an ɗauki fiye da shekara ɗari. A 1943 'yan mishan na SIM suka buɗe asibitin ido a Kano, wanda yanzu yake hannun ECWA, mutanenmu suka fara zuwa a cire musu yanar ido. Wannan magani ne, ba karatu ba. Makarantar yara makafi ta farko a Nijeriya an buɗe ta ne a 1953 a Gindiri, cikin ƙasar Filato ta yanzu, a hannun mishan na SUM. Daga cikin waɗanda suka fito daga can akwai marigayi Bitrus Gani-Ikilama, wanda ya zama ƙwararren mai gashin ƙashi a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, ya kuma kafa ƙungiyar Hope for the Blind a Zariya don taimakon 'yan'uwansa makafi. Amma ga manomi a arewacin Kano, Gindiri wata duniya ce. Ga nisa, ga kuɗin mota, ga tsoron kada yaro ya je ya bar addininsa. Ko 'ya'ya masu ido ana ɓoye su a rumbu idan an zo ɗaukar 'yan makaranta, balle makaho da ake ganin an riga an san abincinsa a ina yake.

Abubuwa biyu suka sauya zamanin ina ji ina gani. Na farko lamba. Daga 1967 aka bi ƙasashen Afirka ta Yamma gari-gari ana yi wa mutane rigakafin agana da ƙyanda. Ina tuna layin da muka yi a ƙofar gidan dagaci, da abin allurar nan mai kama da bindiga. Baffa ya sa na kai shi wurin, ya tsaya a gefe yana ce wa matan da ke nauyin ƙafa su dubi fuskarsa su miƙa 'ya'yansu. Zuwa 1970 agana ta ƙare a Nijeriya, a 1980 aka yi shelar ta ƙare a duniya. Na biyu shirin ilimin firamare kyauta na 1976, wanda ni ma ta ƙofarsa na shiga koyarwa. Manufar ilimi ta ƙasa da ta biyo baya a 1977 ta ware babi a kan yara masu buƙata ta musamman, a Oyo aka buɗe kwalejin horar da malamansu, a Kano kuma aka sami makarantar Tudun Maliki mai ɗaukar kurame da makafi. Ta haka ɗan talaka Bakano ya sami damar koyon birel ba tare da ya bar jiharsa ba.

Agana ta tafi, ƙyanda ba ta tafi ba. 'Yata ta fari, wadda kunya ba ta bari in kama sunanta, tana da shekara huɗu baƙon dauro ya shigo garinmu bayan wata shekara ta fari da abinci ya yi ƙaranci. Daga baya likita ya bayyana mini cewa ƙyanda idan ta sami yaron da jikinsa ya rasa sinadarin bitamin A, takan cinye fatar baƙin ido. Mu a lokacin mun rufe ta a ɗaki, mun ɗiga mata abin da tsofaffi suka ce a ɗiga. Da ƙurajen suka warke idanun sun yi fari fat. Wannan nauyi ne da nake ɗauke da shi har yau, kuma shi ya sa ba na gajiya da yi wa iyaye maganar rigakafi.

Da ta kai shekara tara na ce zan kai ta makarantar kwana a birni. Gida ya ɗauki zafi. Mahaifiyata ta ce ba a taɓa yi ba, 'ya mace, makauniya, a hannun baƙi. Mai ɗakina ba ta ce komai ba sai kuka. Aka kai maganar gaban Baffa, don shi ne babba, kuma kowa ya ɗauka zai ce a bar ta a gabansa ta yi hadda. Ya saurari kowa, sannan ya juyo inda nake.

"Wannan karatun, idan ta yi shi, za ta iya karanta wasiƙa ita kaɗai?"

Na ce, "Za ta iya, Baffa, in dai da irin rubutunsu aka yi ta."

"Ta kuma rubuta amsa ba wanda ya ji?"

"Ƙwarai kuwa."

"To a kai ta. Haddar ma ba za ta wuce ta ba, ina nan idan ta zo hutu."

Hutun ƙarshen shekara ta dawo da wani ɗan allo na ƙarfe mai fai biyu da ke buɗewa kamar littafi, na sama da 'yan tagogi jere, na ƙasa da 'yan ramuka shida-shida a ƙarƙashin kowace taga. Da shi akwai wani gajeren tsinke mai kan katako, kamar basillar dukawa. Takarda mai kauri ake so, mu kuwa ba mu da ita, sai na ciro tsohuwar kalanda daga bango na yanka mata. Ta zauna a zauren Baffa, ta maƙala takardar a tsakanin fai biyun, ta fara hudawa. Ƙas, ƙas, ƙas, kamar kaza na tsattsagar tsaba a faranti. Na lura daga dama take farawa tana yin hagu, na ce ashe ajami ne. Ta ce a'a, ta baya ake hudawa, idan an juya takardar sai ɗigon ya taso, a karanta daga hagu zuwa dama. Ta nuna mini cewa ɓ da ɗ da ƙ ma kowanne da nasa ɗigon, ba a bar Hausa a baya ba.

Baffa ya ajiye tufkarsa yana saurare.

"Amarya, me kike sassaƙawa haka?"

"Sunanka nake rubutawa, Kaka."

Ta zare takardar ta juya, ta lalubo hannunsa, ta ɗora yatsansa a kan layin. Yatsun Baffa sun yi kanta saboda shekara hamsin na murza rama, da farko bai ji komai ba. Ya sauya yatsa, ya koma ƙaramin da bai sha wuya ba. Ya bi a hankali, ya dawo, ya sake bi. Ya ce kamar an jera ƙwayar gero a kan faifai. Ita kuma tana gaya masa wannan harafin kaza ne, wannan kaza ne. Mutumin da ya kusa shekara saba'in, ranar ya fara taɓa sunansa. Ya ninke takardar ya sa a aljihun 'yar shararsa, ya ce a bar masa. Ni na tashi na fita, don ban so yarinyar ta ji muryata ta sauya ba.

Daga nan ni ma na koyi birel, da ido nake karantawa. Wasiƙunta daga makaranta sukan zo ta hannun direbobin Ɗambatta, ba mai iya sanin abin da ke ciki sai ni da ita. Da ta girma ta fara rubuta abin da ni ma ba ta nuna mini, na ga tana ajiye takardunta a ƙasan akwati, na yi hamdala.

Akwai ranar da hanyoyin nan biyu suka haɗu a gabana. Larabci ma yana da birel ɗinsa, kuma shi ma daga hagu ake karanta shi. Wani bawan Allah da ya dawo daga aikin Hajji ya kawo mata Alƙur'ani na birel, mujalladi shida manya, sai da aka ɗauko su a kwali. Ta buɗe tana karanta wa Baffa, bai bari ta yi nisa ba ya tsayar da ita, ya ce ta yi kuskure. Ta sake shafawa ta ce haka aka rubuta. Ashe bugun na ruwayar Hafsu ne, shi kuwa Baffa, kamar sauran mahaddatan tsangayunmu, da Warshu ya tashi. Da suka gane, sai abin ya zama darasi: ita ta karanta da yatsa, shi ya kawo yadda yake a Warshu daga ka, su tsaya a kan kowane bambanci. Haka suka yi ta yi duk hutu har Allah Ya karɓi abinsa.

A tsawon shekarun nan kunne ma bai zauna wuri ɗaya ba. Rediyo ta shigo, Sashen Hausa na BBC tun 1957, Rediyon Kaduna tun farkon shekarun 1960, ta zama jaridar wanda ba ya gani. Kaset ya biyo baya, ɗalibai makafi suka riƙa ɗaukar darasi a rikoda su saurara da dare. Da rikodar da keken rubutu 'yata ta yi sakandare a cikin masu ido: ta rubuta nata da birel, ta buga wa malami amsa da tafireta. Akwai kuma na'urar Perkins mai maɓallan ɗigo shida, wadda aka fara ƙerawa a Amurka a 1951, mai sauri ƙwarai, sai dai tsadarta ta sa ba a ganin ta a gidan manomi. Yanzu ga waya mai magana. TalkBack a wayoyin Android da VoiceOver a iPhone suna karanta wa mutum abin da ke fuskar waya, saƙon murya na WhatsApp kuwa ya zo wa makafi daidai wuya. Hukumar JAMB tun 2017 take shirya wa makafi jarrabawar shiga jami'a ta musamman, Jami'ar Bayero na cikin cibiyoyin. A jami'ar nan Farfesa Jibrin Isa Diso, makaho, ya koyar da ɗalibai masu ido da marasa ido a sashen ilimi na musamman. A Janairun 2019 aka sa hannu a dokar ƙasa da ta hana nuna wa masu naƙasa bambanci. Wanda ya ga zamanin Baffa ba zai raina ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Duk da haka akwai abin da ke damuna, kuma 'yata, wadda yanzu ita ma malama ce, ta fi ni damuwa da shi. Ta ce yara da yawa da iyayensu sun fara cewa me za a yi da wahalar huda takarda tunda waya na magana. Ita kuwa ta ga sakamakon. Yaron da ya tashi da saurare kaɗai bai san yadda ake harhaɗa kalma ba, bai san inda aya take ba, ba ya iya jera lissafi ya bi shi sama da ƙasa, ba ya iya tsayawa gaban jama'a yana magana yana duba abin da ya tanada. Muryar da ke cikin yawancin wayoyin ma ba don Hausa aka yi ta ba, tana tauna kalmominmu har sai mutum ya yi ta hasashe. Ga caji, a ƙauyen da sai an aika waya bakin kasuwa wurin mai janareto. Allon ƙarfe da tsinkensa ba sa neman wuta, ba sa neman kati, suna shiga aljihu. Waya baiwa ce mai kyau, ina kuma son kowane makaho ya mallake ta, amma wanda aka ba waya aka hana shi birel an mayar da shi zauren Baffa ne, yana jiran wata murya ta karanta masa.

Babbar matsalarmu a karkara har yanzu ita ce ta farko, wato nisa. Makarantun suna birni, yaran suna ƙauye. A ƙasar da gidaje suke kusa da juna haka, da makarantar firamare kusan a kowace dagatai, bai kamata sai an raba yaro ɗan shekara bakwai da uwarsa kafin ya san harafi ba. Malami ɗaya da ya iya birel, aka ba shi babur, zai iya zaga makarantu da dama a ƙaramar hukuma guda, ya zauna da yaro awa biyu, ya nuna wa malamin aji yadda zai tafi da shi. Alarammomi ma a jawo su, domin su suka fara buɗe wa makaho ƙofa tun ba a san boko ba, kuma idan liman ya ce a kai yaro, uba ba ya musu. Ni da na koyi ɗigon nan ina da shekara talatin da ɗoriya, cikin 'yan makonni, na san ba abin da zai gagari malamin firamare ba ne.

Da muka zo rabon 'yan kayan Baffa bayan rasuwarsa, ba wanda ya nemi igiyar bayan ƙofa, sai na ɗauka. A aljihun rigarsa kuma muka sami takardar kalandar nan, ta yi laushi, ɗige-ɗigen sun kusa shafewa saboda yawan taɓawa. Suna tare a akwatina. A watan jiya aka gaya mini akwai wani yaro a ƙauyen da ke gabas da mu, shekararsa shida, ba ya gani, ba ya fita ko ƙofar gida. Na karɓo tsohon allon 'yata da tsinkensa, na yanka kalandar bara, na sa jikana ya kai ni a babur. Uban ya tarbe mu a zaure, muka gaisa, aka fito da yaron yana maƙale da zanen uwarsa. Na tambaye shi sunansa, na huda, na juya takardar, na kama ɗan yatsansa na ɗora a kai.